Daga Agege zuwa Apapa, a bin sawun kwantena ɗaya

Jirgin da aka ce zai tashi daga Kano ƙarfe goma na safe bai ɗaga ba sai da muka yi sallar magariba. Tun muna duba agogo har muka haƙura. Sau biyu wata murya ta fito ta lasifika tana ba da haƙuri da Turanci, dalili kuwa ko oho. Wani dattijo da ke kusa da ni ya tashi ya je wurin yarinyar da ke kan tebur, ya ce wa zai gani. Ta ce manaja ba ya nan. Mataimakinsa fa? Shi ma ya fita. Ya dawo ya zauna, ya ɓare goro ya miƙo mini rabi, muka shiga hirar jiragen ƙasar nan. Ya tuna mini yadda Nigeria Airways ta durƙushe a 2003, ni kuma na tuna masa jirgin da aka kawo Abuja a watan Mayun 2023, saura kwana uku gwamnati ta sauka, an shafa masa sunan Nigeria Air, daga baya ta bayyana na kamfanin Habasha ne, ya juya ya koma gidan ubangidansa. Dattijon ya yi dariya har da tari.

Abin da ya kai ni Legas injin casar shinkafa ne. Mu uku muka haɗa jari muka yi odarsa daga Sin, ya iso tashar jiragen ruwa ta Apapa a kwantena, ejan ɗinmu ya ce takardu sun kammala. Ƙanena direban tirela ne, shi zai ɗauko. Kwana biyar kullum in na kira shi sai ya ce, "Yaya, gobe in sha Allahu." Kuɗin jinkiri kuwa kullum ƙaruwa yake. Da goben ta yi yawa na ce bari in je in gani da idona.

Dare ya yi sosai da muka sauka filin jirgin Murtala Muhammed. Daga Ikeja zuwa Agege ba nisa, da can acaɓa mutum zai hau ya ratsa, amma tun watan Yunin 2022 aka hana acaɓa a Ikeja da wasu ƙananan hukumomi. Yaron da Baffa ya turo ya tarye ni, ɗan Jigawa, yana cikin waɗanda dokar ta raba da babur. Yanzu lemo yake yankawa a bakin titi.

Baffa ƙanin mahaifina ne, fataucin goro ya kawo shi Kurmi shekarar da aka kashe Murtala, 1976, bai sake komawa da zama ba. Har gobe ba ya cewa Legas, Ikko yake cewa. Na same shi a zaure bai kwanta ba, an ajiye mini tuwo a rufe. Ina ci ina ba shi labarin jinkirin jirgi, ina tsammanin zai taya ni jaje. Ina! Cewa ya yi, "Kai yaro, awa takwas kake kuka? Mu kwana biyu muke yi a tarago, wani zubin uku." Ya shiga jero tashoshi kamar mai jan carbi: Zariya, Kaduna, Minna, Jabba, Ilori, Offa, Oshogbo, Badun, Abekuta, Agege. Ya ce a Jabba ake sayen soyayyen kifi ta taga, a Offa ake daɗewa har mutum ya yi wanka ya dawo. Taragu su sauko da shanu da gyaɗa da fatu, su koma da huhunan goro. Dogon nan tun wajajen 1912 ya haɗa Ikko da Kano, fiye da kilomita 1,100, kuma shi ya cika Agege da Hausawa. Na ce, "Baffa, ai an farfaɗo da shi a ƙarshen 2012." Ya ce, "An yi biki dai. Ni tun yaushe rabon da in ɗora huhu ɗaya a jirgi? Mota nake bi, in goro ya sha zafi a hanya ya lalace, wa zan kama?"

Wa zan kama. Da wannan tambayar na kwana, ashe ita zan yi ta ji har in bar garin.

Da sassafe yaron ya raka ni tashar jirgin cikin gari, wanda suke kira Red Line. A nan dole in faɗi gaskiya, abin ya burge ni. Kati ake saya, sunansa Cowry, a zuba masa kuɗi, a ɗora a bakin ƙofa ta buɗe. Ba kwandasta mai ihu, ba rigimar canji. Layin ya taso daga Agbado ya ƙare a Oyingbo, kilomita 27, Tinubu ya buɗe shi a watan Fabrairun 2024, amma sai Oktoba ya fara ɗaukar fasinja. Ina tsaye riƙe da ƙarfe, ta taga ina hango danfo, ƙananan bas-bas na haya masu rawaya, sun cushe a Oshodi kamar an zuba ƙwai a faranti, mu kuwa muna wucewa abinmu. Wata mata mai kwandon tattasai ta ce da ƙawarta, da Hausar Agege mai gauraye da Yarbanci, da a mota ne da yanzu ba su bar Ikeja ba.

Kafin Oshodi yaron ya taɓa ni ya nuna mini wata mararraba. A nan ne, cikin watan Maris na 2023, jirgin ƙasa ya kwashi bas ɗin ma'aikatan jihar, mutum shida suka rasu. Direban bas aka gurfanar a kotu. Ban ce ba shi da laifi ba. Amma a gari mai yawan jama'a irin wannan, bai kamata a ce tuta a hannun mutum ɗaya ce kaɗai tsakanin jirgi da mota cike da mutane ba. An gina gadojin sama a Ikeja da Mushin da Yaba da Oyingbo, madalla, sai dai dogon ya girme su da shekaru sama da ɗari. Haka ma jirgin cikin gari kansa: gwamna Jakande ya ƙaddamar da irinsa tun 1983, sojoji suka soke shi a 1985. Wanda aka haifa ranar da aka soke kwangilar ya kusa shekara arba'in kafin ya ga jirgin.

Daga Oyingbo na hau danfo, muka bi ta Ijora. Tun daga kan gada warin baƙin mai ya tare mu, sai ga su nan, tireloli da tankoki, bakin wannan a gindin wancan. Na sauka na bi su da ƙafa ina karanta rubutun bayan mota, "Haƙuri maganin duniya", "Sai gani na biyu", har na hango tamu.

Ƙanena yana ƙarƙashinta a kan tabarma, ya yi matashi da takalminsa. Ya rame, ido ya yi ja. Ga buta, ga risho, yaron motarsa na dafa taliya a wata tukunya da ta lotsa. Da ya gan ni ya yi zumbur ya fito har ya buga kai da ƙarfe. "Yaya, da kanka?" Muka zauna a inuwar taya. Ya ce in kwatanta da shekarun baya yanzu aljanna ake, don akwai lokacin da layin motoci ke kaiwa har kan manyan gadoji, direba ya yi makonni bai ga ƙofar tasha ba. Tun Fabrairun 2021 aka kawo tsarin Eto, mota ta yi rajista ta intanet ta jira a gareji sai an kira ta, kuma ya rage cunkoso ƙwarai. Abin da tsarin bai taɓa ba shi ne hannayen da ke kan hanya.

Ya zaro wani yankin kwalin sukari daga aljihu. A bayansa ya jera lambobi da biro, layi-layi, kowane layi da alama a gefe: gada, kwana, gidan mai, ƙofa. Kuɗin da ya bayar ne tun shigowarsa gari. Na ce su wa ke karɓa? Ya ce, "Wasu da kaki, wasu da riga mai ƙyalli, wasu gora ce kawai a hannunsu. In ka tsaya tambaya sai ka ji madubi ya tarwatse." Na ce rasit fa? Yaron motar ya saki cokali yana dariya. Kwalin nan shi ne rasit ɗin, shi zai nuna mini in yarda bai ci kuɗina ba. Kunya ta kama ni, don kwana biyar ɗin nan zuciyata ta raya mini hakan.

Wani direba ɗan Gusau ya matso da kofin shayi ya tsoma baki. Ya ce shi ya taɓa kai ƙara. Ofishin farko suka ce titin na tarayya ne. Na biyu suka ce masu tsaron titin na jiha ne. Na uku suka ce yaran ba nasu ba ne, 'yan ƙungiya ne. Ya dawo ya tarar an sace masa batir.

Ina zaune ina kallon abin da ya fi ci mini rai. Dogon zamani ya shigo har cikin tashar Apapa, kwantena na iya hawa tarago daga bakin ruwa. To ina za ta sauka? Moniya, bayan Badun. A 2006 gwamnatin Obasanjo ta ba kamfanin CCECC na Sin kwangilar sabon dogo daga Legas har Kano a kan dala biliyan 8.3. Aka dawo ana yin sa gutsure-gutsure da bashi: Abuja zuwa Kaduna a 2016, Legas zuwa Badun a 2021, a shekarar kuma aka aza harsashin Kaduna zuwa Kano. Tsakiyar, daga Badun zuwa Abuja, tana nan a takarda. Riga ce aka ɗinka wuya da gindi aka bar ciki. Duk nauyin da ya kamata ƙarfe ya ɗauka kwalta ke ɗauka, kwalta ta farfashe, a sake ba da kwangilar gyara, mu kuma mu biya a farashin buhun shinkafa.

Da la'asar ejan ya kira ya ce in same shi a Marina in sa hannu a wata takarda. Aka ce in bi ruwa, ya fi sauri. Ni Bakano, ruwan da na sani bai wuce Tiga da Bagauda ba, ga shi tun hatsarin kwale-kwalen Bagwai a ƙarshen 2021, wanda ya ci ɗaliban Islamiyya, gabana ke faɗuwa in na ga jirgin ruwa. Aka miƙo mini rigar kariya, igiyarta ɗaya ta tsinke. Na nuna wa mai jirgin, ya ɗaure mini ita da kulli ya ce in zauna. Na zauna ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Minti kaɗan ne kuwa muka tsallaka, muna ratsa gindin manyan jiragen dakon kaya, kowane ya fi unguwarmu tsawo. Ejan ya gaya mini har ruwan ma an yi shari'a a kansa, tsakanin NIWA, hukumar tarayya mai kula da hanyoyin ruwa, da jihar Legas, shekara da shekaru, sai a Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta ba tarayya gaskiya. Na ce to igiyar rigata fa, ta wace ce a cikinsu? Ya ce, "Alhaji, sa hannu a nan."

A saman kanmu jirgin Blue Line mai lantarki ya wuce zuwa Mile 2, tsaf da shi. Kilomita 13, an fara aikin tun zamanin Fashola, sai Satumban 2023 ya ɗauki mutum na farko. Ban hau ba, na gaji.

Kwana biyu bayan nan kwantena ta fito. Na fasa sayen tikitin jirgin sama, na ce a gaban tirela zan koma. Baffa ya sa aka ɗaure mini ƙwarya biyu ta farin goro a ganye, ya ce in yayyafa masa ruwa in mun kai Jabba, in kai wa mahaifiyata. Muka fita bayan isha ta Berger, muka wuce Kara da warin shanunta, muka hau babban titin Badun, wanda aka fara sake ginawa a 2013 aka shafe shekara goma ana fama. Yanzu ya yi sumul, ƙanena har waƙa yake.

Wajen ƙarfe biyun dare muka kai Moniya. Ya nuna mini da haɓa inda tashar jirgin take, can cikin duhu, sannan ya rage gudu, don an gindaya katako mai ƙusoshi a gaba, wani na haska mu da tocila. Ya laluba aljihu ya miƙo mini kwalin sukarin da biro.

"Yaya, rubuta. Ka sa Moniya."