Daren da na yanke wa Trump hukunci kafin kotu

A ƙarshen wannan wata zan bar teburin labaran duniya, kuma cikin dukan rahotannin da na rubuta a gidan rediyon nan, guda ɗaya ne har yau nake jin kunya idan na tuna shi. A daren 1 ga Agusta 2023, ina aiki ni kaɗai, labari ya shigo daga Washington cewa mai gabatar da ƙara na musamman, Jack Smith, ya shigar da tuhume-tuhume 4 a kan Donald Trump bisa zargin yunƙurin sauya sakamakon zaɓen 2020 da Joe Biden ya lashe. Da na ga an ce wani kwamitin 'yan ƙasa ya zauna a kotu ya amince, sai na ɗauka shari'a ta ƙare, na rubuta cewa an samu tsohon shugaban da laifi. Da wannan jumla aka buɗe labaran ƙarfe 6 na safe.

A tsarin Amurka kuwa, wannan kwamiti a asirce yake zama, ɓangaren masu ƙara kaɗai yake saurara, kuma iyakar aikinsa shi ne ya duba ko hujjar ta isa a gurfanar da mutum. Ranar 3 ga Agusta Trump ya tsaya a kotu ya musanta tuhumar baki ɗaya.

Kuskuren nawa ne, ban taɓa musun haka ba. Sai dai editan da ya karanta rubutun, ya sa hannu kafin a miƙa wa mai karanta labarai, shi ne ya tsayar da ni a taron safe yana cewa, “Malam, yaushe aka naɗa ka alƙali ba mu sani ba?” Aka yi dariya. Kafin azahar an ba ni takardar neman ba'asi, kafin la'asar an ɗauke ni daga teburin na wata guda, amsar da na rubuta kuwa ko buɗe ta ba a yi ba. Na so in ce masa, “Ranka ya daɗe, ai sa hannunka yana ƙasan takardar,” amma mai iyali ba ya faɗin duk abin da ya zo bakinsa.

A cikin wannan wata ne tuhumar jihar Jojiya ta fito, ranar 14 ga Agusta, a kan mutum 19 ciki har da Trump, kuma a kanta na koyi abin da ya kamata in sani tun farko. Wayar da Trump ya buga wa Brad Raffensperger, babban jami'in zaɓen jihar a lokacin, ranar 2 ga Janairu 2021, yana neman a samo masa ƙuri'u 11,780, an naɗi muryarta, saboda haka ana iya cewa ya faɗa; ko maganar laifi ce, wannan zargi ne har sai kotu ta tabbatar. Lauyoyin da aka tuhuma tare da shi irin su Sidney Powell da Jenna Ellis kuwa da bakinsu suka amsa laifi a watan Oktoba, su ne ake kira masu laifi ba tare da shakka ba. Sauran darussan ƙanana ne: a karanta takardar tuhuma kanta, kada a dogara da kanun wasu, kuma a ajiye kwafin duk abin da babba ya sa wa hannu.

A watan Nuwamba 2024, bayan Trump ya sake cin zaɓe, Smith ya nemi a janye ƙarar saboda ma'aikatar shari'a ba ta gurfanar da shugaba mai ci, alƙaliya Tanya Chutkan ta amince. Editan nan ya goge kanuna ya rubuta cewa kotu ta wanke Trump. Na mayar masa da takardar cikin ladabi, na ce ba a saurari shaida ko ɗaya ba, balle a wanke wani. Ya daɗe yana kallona, sannan ya mayar da kalmata. Takardar neman ba'asin tana nan cikin fayil ɗina a ofishin ma'aikata, kwafin rubutun wancan dare mai ɗauke da sa hannunsa kuma da shi zan tafi gida.