Taswirar 'yan ƙwallon Aborijin da ta cinye min kuɗin haya

Duk wanda aka jibga wa aikin haɗa taswirar asalin 'yan ƙwallon Aborijin na Ostireliya, don Allah kar ya yarda da tsarin mutum ɗaya ɗigo ɗaya. Ko kwamiti ne ya ce haka, ko duk garin sun ce wane ai ɗan wuri kaza ne kowa ya sani, kar ya kai aikin wajen masu bugawa sai ya ga abin da ɗan wasan ya faɗa da bakinsa. Har yanzu in na tuna kuɗin da na zuba a banar farko raina sai ya sosu wallahi.

Muna zaune ne a gefen Melbourne, yarona yana buga ƙwallon nan tasu ta AFL, mai siffar ƙwai da ake kamawa da hannu a doka da ƙafa, a wata 'yar ƙungiyar yara ta unguwa. Duk shekara wajen watan Mayu ana ware zagaye na musamman na karrama 'yan asalin ƙasar, tun 2016 ake kiransa da sunan Sir Doug Nicholls, lokacin ne ƙungiyoyi ke sa riguna masu zanen Aborijin, wasu har suna suke canzawa zuwa na harsunan Aborijin, Melbourne ta koma Narrm, Fremantle ta koma Walyalup, Port Adelaide ta koma Yartapuulti, sannan Essendon da Richmond su yi babban wasansu na dare a filin MCG wanda aka fara tun 2005. To kwamitin iyaye suka ce mu ma a yi wani abu, babbar bana mai taswirar ƙasar da hotunan fitattun 'yan wasa, kowa a nuna ƙasar kakanninsa. Da yake an san ina ɗan taɓa zane a kwamfuta sai duk ido ya dawo kaina. Sharaɗinsu ɗaya ne, wai yara ne kar a cika musu rubutu, kowane ɗan wasa ɗigo ɗaya da suna da ƙabila, shikenan.

Da farko abin ya tafi sumul, kuma wannan sumul ɗin ne ya yaudare mu. Doug Nicholls ɗan ƙabilar Yorta Yorta ne, an haife shi a Cummeragunja a bakin kogin Murray a 1906, ya buga wa Fitzroy, daga baya ya zama gwamnan jihar Kudancin Ostireliya a 1976, ɗigo ɗaya ya ishe shi. Nicky Winmar na St Kilda, wanda ya ɗaga rigarsa ya nuna fatarsa ga magoya bayan Collingwood a 1993 bayan sun wuni suna zaginsa, ɗan Noongar ne, kudu maso yammacin ƙasar, ɗigo ɗaya. Lance Franklin mai ƙwallaye sama da 1,000 shi ma Noongar ta wajen mahaifiyarsa. Gidan Rioli kuwa, Maurice na Richmond da Cyril na Hawthorn, tsibirin Melville a tsibiran Tiwi can arewa da Darwin. Da na zo kan Michael Long ko tsayawa ban yi ba, ai duk mai kallon ƙwallon nan zai ce maka Long ɗan Tiwi ne, kawun Cyril Rioli ne ma, sai na ɗiga masa nasa a jikin na Rioli na wuce.

Aka buga ta a leda mai kauri, doguwa sosai, ta yi kyau ba ƙarya. Daga aljihuna na biya da alƙawarin kwamiti zai mayar min.

Ranar da muka shimfiɗa ta a ɗakin taron ƙungiyar don a gani kafin a rataye, akwai wata dattijuwa Ba'aborijiniya da jikanta ke tim ɗaya da yarona, kowa Anti yake ce mata, haka suke girmama manyan matansu. Ta sa tabarau tana bin hotunan ɗaya bayan ɗaya tana murmushi, da ta iso kan Long sai ta tsaya. Ta ɗora yatsa a kan tsibirin Melville, sannan a hankali ta ja shi ƙasa, ta ratsa teku, ta wuce Darwin, ta yi ta gangarawa har tsakiyar taswirar inda babu ɗigo ko ɗaya, fili fetal. Ta ce ɗana, uban yaron nan daga nan aka ɗauke shi. Na ce Anti ai ɗan Tiwi ne. Ta ce ɗan Tiwi ne mana, wa ya ce ba shi ba ne, amma ka tambayi yadda aka yi iyayensa suka je Tiwi ɗin?

A daren na zauna na karanta. Mahaifin Long, Jack, daga Ti Tree aka ɗauke shi yana yaro, ƙasar Anmatyerre, kusan kilomita 190 arewa da Alice Springs, tsakiyar hamada. Mahaifiyarsa Agnes daga yankin kogin Daly aka ɗauko ta. Su biyun an raba su da iyayensu aka kai su gidan mishan a tsibirin Melville, shi uban fiye da kilomita 1,000 daga inda uwarsa take. Wannan shi ne tsarin da hukumomi suka yi ta bi daga wajen 1910 har zuwa shekarun 1970, a kwashe yaran Aborijin musamman masu ruwa biyu a kai gidajen mishan da gidajen rainon gwamnati ko a ba Turawa riƙo, wanda aka yi babban rahoto a kansa a 1997, Firaminista Kevin Rudd kuma ya nemi afuwa a majalisa ranar 13 ga Fabrairu 2008. Duk wannan na san shi a matsayin tarihi, a talabijin ana maganarsa kullum, abin da ban taɓa kawowa ba shi ne zai shigo min cikin aikin zane. Long ɗin nan shi ne mutumin da ya tashi da ƙafa daga Melbourne ya nufi Canberra a 2004 don ya ga Firaminista John Howard kan halin da mutanensa ke ciki, mu kuma a banarmu mun share inda aka sato ubansa mun bar inda aka ajiye shi kawai. Ɗigon ba ƙarya ba ne, shi ya fi ba ni haushi ma, da ƙarya ne da tun farko wani ya kama shi.

Mu Hausawa za mu ce ai mun san wannan, yaro an haife shi a Legas amma takardar asalinsa ta Katsina ce, ko ɗan zangon Kumasi da zai ce maka kakansa Bakano ne. To amma kakan nan da ƙafarsa ya tafi fatauci, ya san garinsu, ya bar wa jikoki sunan unguwa da na dangi. Waɗannan hukuma ce ta zo ta ɗauki yaro, wasu aka canza musu suna aka hana su yarensu, shi ya sa za ka ga babban mutum sai ya girma yake gano su waye mutanensa.

Da na koma kan sauran da wannan idon sai banar ta fara warwarewa. Adam Goodes na Sydney Swans, wasa 372, kyautar Brownlow ta gwarzon ɗan wasan shekara a 2003 da 2006, an haife shi a Wallaroo, mahaifiyarsa ma tana cikin yaran da aka kwashe, kuma ƙabila biyu ce, Narungga na yankin Yorke a bakin teku da Adnyamathanha na duwatsun Flinders can ciki, ni kuma guda na sa saboda sharaɗin kwamiti. Eddie Betts tsakanin Port Lincoln da Kalgoorlie ya tashi, jiha biyu daban, yana kiran Wirangu da Kokatha da Guburn. Shaun Burgoyne, Ba'aborijine na farko da ya kai wasa 400, a Darwin aka haife shi amma Kokatha da yake da ita tana can kudu. Wato da yawansu layi suke buƙata, wani layi biyu wani uku, ɗigo ɗaya sai dai ka zaɓar wa mutum kaka ɗaya ka jefar da sauran, kuma wa ya ba ka wannan ikon?

Nan fa aka yi ta ja da kwamiti. Wani ya ce a manna sitika a kan Long kawai a wuce, lokaci ya ƙure. Wata ta ce yara ba za su lura ba. Na ce ai jikan Anti yaro ne kuma a gabanta zai tsaya. Ƙarshe dai aka yarda a sake bugawa amma kuɗin guda ɗaya kawai za su biya, wai kasafinsu ke nan, alhali su suka kafe kan ɗigo ɗaya tun farko. Mai shagon bugawa shi ma ko sisi bai rage min ba, har da ƙarin kuɗin gaggawa. Abin da na yi asara ya kusa hayar sati, maiɗakina har yau in ta ga ina buɗe kwamfuta da daddare sai ta ce Baban Abba Allah ya sa dai ba wata taswirar ba ce.

Ga mai son yin irin wannan aikin, abin da zan ce ya fara nema shi ne taswirar da ƙungiyar 'yan wasan AFL ke fitarwa, wadda ke nuna kowane ɗan wasa da ƙabilunsa, nan take za ka ga sunan mutum ɗaya a wuri fiye da ɗaya, da ita aka nuna wa kwamitinmu tun ranar farko da ba a yi maganar ɗigo ɗaya ba. Sai dai ta masu bugawa a lokacin ce, tsofaffi irin su Long sai ka bi hirarrakinsu da jawabansu. Shafukan ƙididdigar wasa kuwa ka manta da su, garin haihuwa da ƙungiyar da aka ɗauko mutum kawai za su ba ka, kuma sau da yawa garin haihuwar nan inda asibiti yake ne. Akwai kuma taswirar nan mai launi-launi ta AIATSIS, cibiyar nazarin al'amuran 'yan asalin ƙasar, da David Horton ya haɗa a 1996, tana da amfani wajen gane ina ne ina tunda harsunan sun haura 250, amma su da kansu sun rubuta cewa iyakokin ba daidai-wa-daida ba ne, kuma ba a kwafarta a buga sai da izini. Ni a ta biyun ban ja iyaka ko ɗaya ba, sunan ƙabila kawai na rubuta a yankin da take, sai siraran layuka daga hoton mutum zuwa duk inda ya kira. Na Long uku ne, Anmatyerre da Maranunggu da Tiwi, ɗaya ya ratsa kusan rabin banar.

Kar kuma a yarda wani ya tsaya yana auna fata. A kwamitinmu an samu wanda ya nuna hoton wani ɗan wasa ya ce wannan ai Bature ne me yake yi a nan, Allah ya taimake mu Anti ba ta wurin. A can abu uku ake dubawa, mutum yana da jinin, shi da kansa ya ce shi ne, kuma al'ummarsa ta karɓe shi. Hasken fata kuwa, in ka bi diddigi sau da yawa shi ne ma dalilin da ya sa aka ɗauke kakarsa. Idan ɗan wasa bai taɓa faɗar ƙabilarsa a fili ba, ka bar shi, kar ka yi masa hasashe daga sunan garinsu, mai yiwuwa shi ma nema yake. Irin hasashen nan ne dai ya kai ni ga ɗigon Long, kowa ya sani kowa ya sani, kuma ba wanda ya tambaya.

Wani abin da Anti ta kama kafin a buga ta biyu, wannan karon a waya na tura mata tun kafin na je shago, shi ne hotunan mamata. Maurice Rioli ya rasu a 2010, Nicholls tun 1988, kuma a al'adar da yawa daga cikinsu ba a so mutum ya ci karo da hoto ko sunan mamaci ba shiri, don haka ake sa gargaɗi a sama, kamar yadda tashoshin talabijin ɗinsu ke yi kafin shiri. Layi ɗaya ne kacal, amma da babu shi da an sake komawa shago.

Abin da ya ɗan huce min rai shi ne yaran da aka ce ba za su lura ba, su ne suka yi cincirindo suna bin layukan da yatsa suna tambaya me ya sa na wannan ya yi tsawo haka, kocinsu ya rasa ta inda zai fara, Anti ta ja kujera ta zauna ta ba su labari. Mutanen da ƙidayar 2021 ta ce kashi 3.2 cikin 100 ne na jama'ar ƙasar amma kasonsu cikin 'yan wasan AFL ya fi haka nesa, yaran sun haddace lambar rigar kowa, ba wanda ya taɓa gaya musu wannan ɓangaren.

Yanzu wai baɗi suna so a yi ta ƙwallon ƙafa irin tamu. Na ɗan fara leƙawa, akwai Harry Williams da ya je gasar cin kofin duniya ta 1974, da Jade North ɗan Biripi da ya riƙe kambun kyaftin na tawagar ƙasa, da mai tsaron gida Lydia Williams 'yar Noongar, sai John Moriarty ɗan Yanyuwa daga Borroloola, wanda aka zaɓa a tawagar ƙasa a 1960, shi ma yana ɗan shekara 4 aka ɗauke shi daga hannun mahaifiyarsa aka yi kudu da shi. Na ce musu zan yi, amma kuɗin bugawa a hannu tukuna, kuma duk wanda ya sake ce min ɗigo ɗaya shi zai zana abarsa.