Abin da na kwasa a wajen aikin da zan bari

Ƙarshen watan nan zan ajiye aiki, waɗanda muka zauna ofis ɗaya a Samaru sun san dalili amma gara a ji daga bakina.

Duk wanda ya taɓa haɗa kanel (zuciyar manhajar da ke tafiyar da na'ura) ɗin Linux na allunan lantarkinmu masu firosesar ARM ya san yadda gargaɗin kwamfaila, wato manhajar da ke mayar da kod abin da na'ura za ta iya gudanarwa, ke zubowa kamar ruwan Agusta, tsofaffi ne tun daga masu ƙera allon, har ido ya saba ba mai karantawa. Shi ya sa na rubuta ɗan sikirif, wato ƙaramin shirin kwamfuta, da zai haɗa kanel kafin faci (gyaran da aka yi wa kod), ya sake haɗawa bayan faci, ya cire lambobin layi daga gargaɗin sannan ya kwatanta, don in ba a cire ba faci ɗaya na tura layuka ƙasa sai tsohon gargaɗi ya dawo maka a matsayin sabo. Abin da ya rage shi ne wanda kai ka jawo. Ba ni na ƙirƙiro dabarar ba, robot ɗin 0-day na Intel ya daɗe yana yi wa masu Linux irin wannan, kuma a 2021 Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux, da kansa ya sa zaɓin -Werror a Linux 5.15 don gargaɗi ya riƙa tsayar da aiki.

Lafiya lau muke har ranar da ya kama facin oga a direban batir, wato kod ɗin da ke kula da batir. Cikin kwamfailolin biyu, GCC ya yi shiru, Clang ya ce akwai hanyar da ake karanta wani gurbin ajiyar bayani ba a zuba masa komai ba. Na tura wa oga shi kaɗai, cikin ladabi wallahi. Sai ya kira ni gaban yara ƴan IT ya ce "Malam, mu kaya za mu fitar, abin nan naka man janareta kawai yake sha, kashe shi." Na ce to ranka ya daɗe, na kashe.

Da kayan suka fara dawowa daga Sabon Gari, batir a cike suna nuna ya mutu, a mitin tambaya ɗaya aka yi, wa ke kula da gwaji. Ni ne. Ba wanda ya buɗe baki, har waɗanda aka yi a gabansu, kuma wannan shirun ya fi min zafi kan maganar oga.

Sauran abin da na kwasa kaɗan ne. Umarnin baki, ka nemi a rubuce. Kar ka tsaya kan kwamfaila ɗaya. Ka gwada kanel na 32-bit ko da kwamfutarka 64-bit ce.

Ƙannena da za su gaje ni, sikirif ɗin na nan a saba, babbar kwamfutar ofis, ban goge ba, layi ɗaya za ku cire wa alamar # ya tashi.