Shekarar da na rufe littafin ɗinkin Sallah

Duk telan da ke Gusau ya san goman ƙarshe na azumi ba na barci ba ne. Jama'a na masallaci suna tahajjud, mu muna kan keke muna tamu tsayuwar daren. Shekara tara ina ɗinkin mata a Tudun Wada, ban taɓa jin komai ba sai a azumin 2024.

Shekarar na karɓi ɗinki kala saba'in da 'yan kai, daga ni sai yarana biyu masu koyo. Ba kwaɗayi kaɗai ba ne. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023, janareta ya koma cin rabin ribata. Ga kuma kunya: ta yaya za ki kalli matar da ta yi rainonki, ta shigo da atamfa a leda, ki ce mata babu wuri? Sai dai "ajiye, Hajiya, Allah zai yi."

Azumin ya faɗo a Maris da Afrilu, tsakiyar zafi, shagona kuwa rufin kwano ne. Buɗa-bakina ruwan ƙanƙara da shayi mai kauri, sai taliyar 'yan yara da na ƙara wa dunƙule biyu. Sahur a bakin keke. Ƙeyata ta yi ta sara, ina kora farasitamol da daddare ina cewa rana ce.

Daren ashirin da shida, na ɗaga zare zan zura a allura, sai na ga kafar allurar ta zama biyu. Na murje ido, ba ta koma ɗaya ba. Yarinyata ta ce, "Anti, ki tashi mu je kemis." Mai kemis ya ɗaura mini abin awo a hannu, ya duba, ya sake ɗaurawa: 170 bisa 105. Ya ce daga 140 bisa 90 ake fara maganar hawan jini, kuma shi ba zai ba ni komai ba, asibiti zan tafi. Shekarata talatin da shida. Ni da na ɗauka ciwon tsofaffi ne da masu kishiya.

Abin da likita ta faɗa bai dake ni kamar na Inna ba. Ta same ni kwance, ta dubi tulin ledojin da na sa aka kwaso mini gida, ta ce, "Ke ɗiyar nan, mi kike nema? In kin faɗi bisa keken nan, kahin a yi sadakar ukku sun kai ma wani tela kayansu." Na yi dariya, amma na san ba ƙarya ta yi ba. Ni kaina na taɓa karɓar irin waɗannan kayan.

Likita ta ce gishirin yini kada ya wuce giram 5, wato ƙaramin cokali guda, har da wanda ke ɓoye cikin dunƙule. Barci awa bakwai. Magani kullum, ko na ji garau, domin hawan jini ba ya sallama. Gishirin ne ya fi ba ni wuya. Sai da na koma wa daddawa miyata ta dawo hayyacinta. Malamarmu ta Islamiyya kuma ta tuna mini labarin Salmanul Farisi da ya hana Abu Darda kwana salla, ya ce masa jikinsa da iyalinsa ma suna da haƙƙi a kansa. Idan nafila aka ce a sassauta, ina ga ɗinkin leshi?

Azumin 2025, ranar goma ga wata na ja layi a littafina: kala arba'in, na rufe. Na ɗan ƙara kuɗin ɗinki. Ƙarfe sha ɗaya nake kashe janareta, ko saura hannu ɗaya a haɗa. Wata Hajiya ta ce na yi kuɗi na fara wulaƙanci, ta kwashe kayanta. Kuɗin da na samu bai kai na 2024 ba, ba zan yi muku ƙarya ba.

Amma na je Idi, abin da rabona da shi shekara shida, don da can hantsin Sallah a kan guga yake samuna. A filin na hango Hajiyar nan cikin ɗinkin wani tela, kafaɗar ta ɗan zamo mata. Muka yi barka da Sallah, na tambayi yara, ban ce komai kan rigar ba.