Ni da ƙwannafi, yau kwana 9

Talata, goma da rabi na dare.

Yau kwana 9 rabona da farin maganin nan da nake kurɓa kamar fura, kuma alhamdulillahi jiya har asuba ban farka ba. Wanda ƙwannafi bai taɓa tasa ƙarfe 2 na dare ba ba zai gane ba wallahi, ka ji kamar an zuba maka garwashi a ƙirji, ruwa mai tsami ya taso har maƙoshi, ka zauna bakin gado kana tari mutanen gida na ta barcinsu.

Likitan da na gani wancan watan har zane ya yi min a takarda, wai akwai wata 'yar ƙofa ta tsoka tsakanin hanyar abinci da tumbi, in ta saki sai ruwan tsamin ciki ya dawo sama. Maiƙo, kofi, sigari, cika ciki dam, har na'a-na'ar da nake sawa a shayi ina ganin lafiya nake nema, duk suna cikin masu laifi. Ya ce in fara gyara ci da kwanciya tukuna, amma ranar da na ji abinci na maƙale min, ko aman jini, ko bayan gida ya yi baƙi, ko ina ramewa ba dalili, kar in tsaya shawara da kowa in dawo.

A shago yaro ya kawo garau-garau yana min dariya, "Oga yau ma ba yaji?" Na ce masa in ka girma ka gani. Rabi na ci, rabin na bari sai la'asar. Kuma na lura sunkuyon nan kan keken ɗinki da cikakken ciki shi ke fara tado min abin, shi ya sa yanzu ina gamawa sai in sassauta tazuge, in taka har masallacin bakin titi maimakon na kusa da mu.

Inda aka samu matsala gidan Hajiya ne. Bayan isha'i na leƙa gaishe ta, kafin in gama zama an dire min tuwon dawa miyar kuka, man shanu na ta naso a kai, ƙamshin daddawa kam ba a magana. Na ce Hajiya a ƙoshe nake. Ta kalle ni ta ce "Yaushe ka fara ƙoshi a gidana? Ci abinka, in ya taso a jiƙa maka kanwa." To kanwa tana kwantar da shi na ɗan lokaci, gaskiya ne, amma gishiri ne a cikinta, ni kuma jinina ya fara hawa. Wa zai tsaya yi wa uwa wannan lacca? Na wanke hannu na yi loma 5, ina ta kauce wa man, na tuna mata hadisin raba ciki uku, ta ce malanta ta tashi kenan.

Takwas da rabi na tsame hannu, dokar kuma awa 3 tsakanin ci da kwanciya, kenan sai sha ɗaya da rabi.

Gadon ma na sa masa bulo ta wajen kai, ya ɗagu kamar santimita 15, don tara filo ba ya yi, naɗe mutum kawai yake ya ƙara matse ciki. Maman yara na ta mita wai kullum tana farkawa ta gan ta ta zame ƙasa. Addu'ar barci a ɓangaren dama nake yi yadda aka koya mana, in na gama sai in juya hagu, don ta nan ne abin ba ya tasowa.

An ɗauke wuta, caji saura 12, ga mai shayi can ina jiyo ƙamshin Indomie da ƙwai ta taga. Saura awa ɗaya.