Aikin kare tsofaffin gine-gine daga gobara a Jos

Kamfaninmu ƙarami ne, kuma abin da ke riƙe da mu shi ne sayar da tukwanen kashe gobara da sake cika su, da sanya na'urorin jin hayaƙi a otal-otal, makarantu da gidajen mai a Jos da Bukuru. Amma ɓangaren da ya fi kwanta mini a rai, ko da yake ribarsa ba ta taka kara ta karya ba, shi ne na tsofaffin gine-gine: gidajen sarauta, masallatai da majami'u na dauri, da gidajen da Turawan haƙar kuza suka bari. Mutumin Jos ya san gobara tun ranar da babbar kasuwar Terminus ta ƙone a watan Fabrairun 2002. Sai dai hajar kasuwa ana iya sake saro ta, littafin da wani malami ya rubuta da hannunsa kuwa, in ya ci wuta ba shi da na biyu.

Abin da na fi shan wahalar fahimtar da masu irin waɗannan wurare shi ne, abin da ke kashe wutar ma yana iya lalata abin da ake son ceta. Ruwan mesar 'yan kwana-kwana yana fitowa da ƙarfi, kuma idan ya sauka a kan ginin ƙasa sai tubali ya jiƙe, soro ya yi nauyi, azara ta kasa ɗauka, ɗakin da wuta ta bari ya rufta daga baya. Tawadar tsofaffin takardu tana narkewa da ruwa. Tukunyar hoda, wadda kowa ya fi saye saboda araha, tana cusa ƙura cikin saƙi da fata, tana kuma cin ƙarfe idan ta haɗu da laima. Saboda haka hodar nakan ajiye ta waje kusa da janareto, in sa ta iskar carbon dioxide mai shaƙe wuta kusa da allon wutar lantarki, ɗakin littattafai da tufafi kuma in nemo masa wadda ke fesa ruwa siriri kamar raɓa, duk da tsadarta.

Mafi yawan aikin, duk da haka, a cikin silin yake. A wani tsohon gidan sarauta da ke wajen gari na hau da tocila, na tarar da wayar da aka ja tun zamanin Turawa, robarta ta bushe tana marmashewa a hannu, ɓeraye sun gwaigwaye wani sashe, an yi wani jonin da leda, duk suna kwance a kan katakon da ya shekara da shekaru yana bushewa. A allon wuta kuma an cire fis an ɗaura wayar tagulla mai kauri don kada wuta ta riƙa yankewa, alhali yankewar ita ce kariyar gidan. A wannan layin aka jona firji, hita da dutsen guga. Ba mu kaɗai ke da wannan matsala ba. Gidan tarihin ƙasar Brazil da ke Rio ya ƙone a watan Satumban 2018 daga matsalar lantarki a na'urar sanyaya ɗaki, aka rasa mafi yawan kayan tarihi kusan miliyan 20, kuma da 'yan kwana-kwana suka iso famfunan kusa ba su da isasshen ruwa. Fadar Windsor ta Ingila a 1992 fitila ce ta kama labule.

Idan na ɗauki sabon yaro aiki, nakan kai shi gidan tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952, mu wuce sashen gine-ginen gargajiya inda aka kwaikwayi ganuwar Kano da masallacin Zariya, domin ya ga da idonsa yadda ake jera azara da yadda ake ɗora jinka. Wanda bai san yadda aka yi gini ba, ba zai san ta inda wuta za ta bi ba. Jinka ta fi komai tsorata ni, musamman a hunturu, lokacin da iska ta bushe, yara na ƙona daji neman gafiya, tartsatsi na tashi da nisa. Kaburburan sarakunan Buganda da ke Kasubi a Uganda, masu rufin ciyawa, haka suka ƙone a watan Maris na 2010. Shi ya sa tun kafin Nuwamba nake matsa wa masu gida a nome ciyawar da ke kewaye da ginin, a kwashe ta nesa.

Sai maigadi, wanda a ganina ya fi kowace na'ura muhimmanci, kuma shi aka fi mantawa da shi. A majami'ar Notre-Dame ta Faransa a watan Afrilun 2019 ƙararrawa ta buga a kan lokaci, amma mai gadin da aka tura ya duba wani wurin daban, aka yi asarar kusan rabin awa. Sanyin Jos a watan Disamba ba wasa ba ne, don haka ba na ce wa dattijo ya daina jin ɗumi. Nakan ce masa, "Baba, ga inda za ka ajiye kaskon, nesa da ƙofar katako, ga kuma bokitin yashi." Sannan in kunna wuta a rabin duro a fili, in ba shi tukunya ya zare fil ɗin ya kashe da kansa, har hannunsa ya saba. Lambar 'yan kwana-kwana muna rubuta ta a bangon ɗakinsa, tare da jerin abubuwan da za a fara fitarwa da inda makullansu suke.

Wajen kuɗi ne ake jan magana. Sau da yawa an ware na fenti da na gyaran ƙofar shiga, domin su baƙi ke gani, amma sauya waya da ke ɓoye cikin silin sai a ce a bari sai baɗi. Na daina kai lissafin aikin gaba ɗaya. Yanzu nakan ce, "Ranka ya daɗe, bana a sauya allon wuta da wayar ɗakin ajiya, a ɗauki hoton kowane shafi na littattafan a adana a wani gida daban, sauran mu bi su a hankali." Yawanci a haka ake amincewa, mu kuma mu rubuta ranar da za mu dawo duba tukwanen kafin shekara ta zagayo.