Abin da na koya wajen tantance duwatsun samaniya

A wannan aiki, ido kaɗai ba ya yanke hukunci. Baƙin ɓawon da zafin shigowa cikin iska ya bar wa dutse, da nauyinsa a tafin hannu, da yadda maganaɗisu ke ɗan kama shi, duk alamu ne kawai. Sai an yanko siririn yanki, an goge shi har kaurinsa ya koma maikiron 30 (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), haske na ratsa shi, sannan ake sanin me aka riƙe.

A ƙarƙashin madubin ƙara girma, abin da na fara nema shi ne kondurul, wato ƙananan ƙwayoyi masu kewaye, galibi ba su fi kan allura ba. Ɗigon narkakken dutse ne da ya daskare a sarari kimanin shekara biliyan 4.56 da suka wuce. Dutsen da ke da su kondirait ne, kuma wajen kashi 86 cikin 100 na duwatsun da aka ga faɗuwarsu irinsa ne. Wanda ba shi da su galibi akondirait ne, kuma yawanci ya fito daga jikin da ya taɓa narkewa har ƙarfensa ya nutse tsakiya, kamar astiroyid Besta, wato wani ƙaton dutse da ke kewaya rana, ko duniyar Mas.

Inda na fi daɗewa kafin in gane shi ne batun ƙarfe. Kondirait na gama-gari kashi uku ne: H, L da LL. Ma'adanansu kusan ɗaya ne, olibin da firoksin, da ɗan filajiyokilas, da toroyilait wanda haɗin ƙarfe ne da farar wuta, sai ɗigo-ɗigon ƙarfe mai nikel da ke ƙyalli a fuskar yankan. To me ya raba su? Yawan ƙarfen, da kuma inda ya zauna. A H, da yawansa ya tsaya a matsayin ƙarfe zalla. A LL kuwa oksijin ya ja mafi yawansa cikin olibin, ɗan abin da ya rage ya cika da nikel. Masanin ma'adanai George Prior ya lura da wannan tun 1916, kuma har yau abin yana burge ni: kana auna ƙwayar olibin guda, kana karanta yanayin wurin da dutsen ya haɗu.

Lambar da ke biye da harafin, bisa tsarin masana Van Schmus da Wood na 1967, labarin zafi ko ruwa take bayarwa. Lamba 3 ita ce wadda ba ta sauya sosai ba. Daga 4 zuwa 6 zafi yana ta shafe iyakokin kondurul har su kusa ɓacewa. 1 da 2 kuwa ruwa ne ya taɓa su. Saboda haka idan na ga an rubuta LL5 a kan dutsen Celiyabinsk da ya faɗo a Rasha a 2013, na san ƙarfensa kaɗan ne, kuma ya sha zafi a cikin uwarsa, wato jikin da ya ɓalle daga gare shi.

Shi ya sa ba na yarda da maganaɗisu a kan dutsen da ya daɗe kwance a ƙasa. Tsatsa takan cinye ƙarfen zalla, har H ya yi kama da L, amma ƙarfen da ke cikin olibin yana nan yadda yake, kuma shi nake aunawa kafin in rubuta harafi.